Al'adar Kamfani da Burin Kasuwanci: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Gane Ko Hanyarsu Ɗaya

Waɗannan su ne tambayoyin da masu kamfanoni, manajoji da ma'aikata suka fi yi min idan zancen al'adar wurin aiki ya taso. Na fi tsayawa kan bankin Wells Fargo na Amurka, domin hukumomi sun bincike shi sun fitar da sakamako, kuma abin da ya faru a cikinsa ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa aiki ƙarƙashin adadin da aka yanka masa ya kawo.

Me ake nufi da al'adar kamfani?

Ita ce abin da ma'aikaci yake yi idan maigida ba ya nan, da abin da ya san zai same shi idan ya saɓa. Sabon ma'aikaci yakan gane ta cikin mako biyu ba tare da kowa ya zaunar da shi ba. Zai ga wanda ake yaba wa a gaban mutane, da wanda ya yi laifi aka kau da kai, da wanda ya kawo labari mara daɗi aka yi masa tsawa. Daga nan sai ya daidaita zamansa.

Edgar Schein, malamin jami'ar MIT da ya shafe shekaru yana nazarin wannan fanni, ya kasa ta hawa uku. Na sama shi ne abin da ido ke gani: tufafi, tsarin ofis, wa ke shiga wurin shugaba kai tsaye, wa ke jira a benci. Na tsakiya shi ne abin da kamfani ke faɗa game da kansa. Na ƙasa kuwa su ne abubuwan da kowa ya ɗauka haka suke, har ba a furta su, kamar "ba a gyara wa Alhaji magana" ko "in ka cika adadi ba mai tambayarka ta yaya". Wannan na ƙasan shi ke tuƙa motar. Kamfanin Enron da ya durƙushe a Disamban 2001 saboda maguɗin lissafi yana da kalmomi huɗu da yake alfahari da su, kuma riƙon gaskiya na cikinsu.

Mene ne kuma dacewar al'ada da burin kasuwanci?

Kowane buri yana da halayen da yake buƙata kafin ya cika. In burinka a san shinkafarka ba tsakuwa, kana buƙatar ma'aikacin da zai tsayar da inji idan ya ga matsala, ko da buhunan ranar za su ragu. In kana biyansa bisa yawan buhu kawai, to bakinka ya nemi inganci, aljihunka ya nemi yawa, kuma shi ma'aikacin aljihun zai saurara. Dacewa ita ce halin da kake sakawa da alheri ya zama shi ne halin da burinka ke nema. Duk aunawar da za a yi, wannan tazara ake nema a gano.

Me ya faru a Wells Fargo da ake yawan kafa misali da shi?

Banki ne tsoho, an kafa shi a 1852, hedikwatarsa a San Francisco. Dabarar da ya yi suna da ita ita ce sayar wa kwastoma ɗaya hajoji da yawa: wanda ya buɗe asusun ajiya a sa shi ya karɓi katin bashi, ya buɗe wani asusun, ya ɗauki rancen gida. Burin da shugabanni suka riƙa nanatawa shi ne kowane gida ya riƙe hajojin bankin guda takwas. A takarda dabarar tana da ma'ana, domin kwastoman da ya zuba harkokinsa duka a wuri ɗaya ba ya saurin tashi.

Sai aka mayar da wannan buri adadin da kowane reshe da kowane ma'aikaci zai kawo kullum. Manajoji na bibiya sau da yawa a rana. Wanda ya cika ya samu kyautar ƙwazo, wanda ya gaza ya shiga fargabar kora. Ba kowace unguwa ce ke da mutanen da ke son asusu na uku da na huɗu ba, amma adadin bai san da wannan ba. Sai ma'aikata suka fara buɗe asusu da sunan kwastomomi ba da saninsu ba, suna ɗebo kuɗi daga asusun gaskiya su zuba a na bogi, suna neman katin bashi da sunan mutumin da bai nema ba. Wasu kwastomomin sai da aka caje su kuɗin hidima a kan asusun da ba su san da shi ba.

Jaridar Los Angeles Times ta fallasa matsin tun a Disamban 2013. A Satumban 2016 hukumomi uku suka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka kuma bayyana cewa ya kori ma'aikata kusan 5,300 cikin shekara biyar saboda wannan ɗabi'a. Da farko an ce asusun da ake shakka sun kai kimanin miliyan 2, a 2017 bankin da kansa ya ce za su iya kai miliyan 3.5. Shugaban bankin, John Stumpf, ya sauka a Oktoban 2016. A Fabrairun 2018 babban bankin Amurka ya hana shi ƙara girman kadarorinsa, takunkumin da ba a ɗage ba sai a 2025. A Fabrairun 2020 ya amince ya biya dala biliyan 3 don rufe binciken gwamnati.

Abin da ya fi damuna a labarin shi ne bankin yana da duk kayan da ake cewa a tanada. Akwai ɗan littafin ƙa'idoji mai daɗin karantawa, akwai horo kan ɗa'a, akwai lambar waya ta kai ƙorafi. Ainihin burin shi ne kwastoma ya daɗe yana hulɗa da bankin cikin yarda, amma abin da ake ƙirgawa shi ne yawan asusu, kuma asusun da ba kowa a bayansa ma yana shiga ƙirga. Duk wanda ɗan'uwansa mai aikin banki a nan gida ya taɓa roƙonsa, "don Allah ka buɗe ko ba za ka yi amfani da shi ba, taget ne ya matsa min", ya ga ƙaramin hoton wannan matsin.

Amma ai ma'aikatan ne suka yi ha'incin. Me ya sa za a ɗora wa al'ada?

Sun yi laifi, ba mai wanke su. Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum ɗaya ko goma su yi abu, kana iya cewa halinsu ne. Mutum 5,300 a rassa daban-daban, waɗanda ba su san juna ba, su yi abu iri ɗaya shekara da shekaru, to akwai abin da wurin ke koya musu. Bankin ya riƙa kallon kowace kora a matsayin an cire ɓatagari, bai tara korar wuri ɗaya ya tambayi kansa me ke haifar da su ba. Rahoton da daraktocin bankin masu zaman kansu suka fitar a Afrilun 2017 ya ɗora laifin kan al'adar sayarwa da matsin adadi, da yadda sashen rassa ya samu 'yancin da ya hana a leƙa cikinsa.

Akwai kuma waɗanda suka yi magana. A 2017 hukumar ƙwadago ta Amurka ta umarci bankin ya mayar da wani tsohon manaja bakin aiki ya biya shi dala miliyan 5.4, bayan ta gano an kore shi ne saboda ya kai rahoton abin da yake zargin zamba ce. Ka sa kanka a matsayin abokan aikinsa. Sun ga abin da ya same shi. Wa zai sake ɗaga waya?

To ni ta ina zan fara auna al'adar kamfanina?

Ka fara da burinka, ka rubuta shi cikin jimla ɗaya ko biyu. Daga nan ka rubuta halaye uku ko huɗu da dole ma'aikata su nuna kafin ya cika. Ka guji manyan kalmomi irin su amana da ƙwazo, domin ba a iya ganinsu. Ka rubuta abin da za a iya gani: "mai sito yana kawo rahoton kayan da suka lalace a ranar da ya gani", "direba yana faɗa idan ya san ba zai isa a kan lokaci ba".

Sannan ka ɗauko takardunka na shekara biyu da suka wuce. Su wa aka yi wa ƙarin girma, kuma saboda me? Su wa aka kora? Wa ya yi babban laifi aka bar shi, kuma ɗan wa ne, ko nawa yake kawowa? Ina kuɗi suka tafi: in kana cewa inganci ne gaba, nawa aka kashe a gyaran inji da horo, nawa a talla? A taron mako, wace magana ake fara yi, wacce ake bari sai mutane sun fara duba agogo? Waɗannan ba sa ƙarya, domin an riga an aikata su.

Bayan haka sai ka tashi ka je. Gani ya kori ji. Na taɓa wuni a wata masana'antar ruwan leda da mai ita ya kira ni saboda ƙorafin dillalai ya yi yawa kan ledoji masu yoyo. A bangon ofis an rubuta cewa tsafta da inganci su ne taken gidan. A ɗakin inji kuwa na tsaya kusa da wani matashi, ina ganin leda na fitowa bakinta bai liƙe sosai ba. Ya ɗauki ɗaya ya matsa, ruwa ya tsirto masa a hannu, ya goge a wando, ya jefa ta cikin jaka tare da sauran. Na ce masa, "Malam, ba za ka tsayar ba?" Ya dubi ƙofa tukuna, sannan ya ce, "Yallaɓai, in na tsayar, jakar da ta ragu daga kuɗina za a cire." Watanni ana ta yi wa ma'aikata faɗa kan sakaci, alhali yaron lissafinsa daidai yake. A cikin mintuna goma na tsayuwa na samu abin da takardar tambayoyi mai shafi biyar ba za ta ba ni ba.

Takardar tambayoyi da ake raba wa ma'aikata tana da amfani kuwa?

Tana da shi, musamman idan mutane sun yi yawa ko rassa sun warwatsu. Wadda aka fi sani ita ce ta Kim Cameron da Robert Quinn na jami'ar Michigan. Sun kasa al'adu gida huɗu: mai kama da zaman dangi, inda zumunci da kula da juna ke gaba, mai son ƙirƙira da gwada sabon abu, mai gasa da neman cin kasuwa, da mai bin tsari da doka. Ana tambayar ma'aikaci kan fannoni shida, kamar salon shugabanci, abin da ke haɗa kan mutane, da abin da ake ɗauka nasara. A kowane fanni sai ya raba maki 100 tsakanin gidajen huɗu, sau biyu: yadda abin yake yanzu, da yadda ya kamata ya zama. Daɗin wannan tsari shi ne ba ka iya ba kowane gida cikakken maki, dole ka zaɓa. Akwai kuma ta Daniel Denison, mai duba sanin manufa, iya sauyawa, shigar ma'aikata cikin al'amura, da daidaiton aiki.

Kada dai ka tsaya kan matsakaicin maki na kamfani gaba ɗaya. Ka raba amsoshin: shugabanni daban, na ƙasa daban, kowane reshe daban. Sau da yawa za ka tarar shugabanni sun ce gidan zaman dangi ne, masu ɗaukar kaya sun ce gidan doka da tsoro ne. Wannan saɓanin shi ne sakamakon da ka fita nema. Kuma in yawancin ma'aikatanka ba su saba da cike takarda da Turanci ba, a mayar da ita Hausa ko a karanta musu, amma ba shugabansu ne zai karanta ba.

Ma'aikatana ba sa faɗa min gaskiya. Kowa na tambaya sai ya ce lafiya lau. Yaya zan yi?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce nauyi a wurinmu. Mun tashi da kunya da kara da girmama na gaba, kuma abubuwa ne masu kyau da ba na son mu rasa. Amma yaron da aka rene shi kada ya haɗa ido da babba, ba zai shigo ofis ya ce "Ranka ya daɗe, tsarin nan naka ne ke jawo asara" ba. Zai ce "ba komai", ya fita ya faɗa wa abokinsa a wurin mai shayi. Balle in kai ne ka biya masa kuɗin asibitin mahaifiyarsa bara.

Don haka kada ka tambayi ra'ayi, ka tambayi labari. Maimakon "yaya kake ganin shugabanci a nan?" ka ce, "ba ni labarin ranar da wani ya yi kuskure babba, me ya biyo baya?" Ko, "in ƙaninka zai fara aiki a nan gobe, me za ka ja masa kunne a kai?" Ko, "wane ne ya fi kowa ci gaba a gidan nan, me yake yi da sauran ba sa yi?" Mutum yana iya ba da labari ba tare da ya ji ya ci fuskar kowa ba, kuma a cikin labarin za ka tsinci dokokin da ba a rubuta ba.

Wanda zai yi tambayar ma da muhimmanci. A samo wanda ba ya biyan albashi kuma ba ya kora. A zauna da mutane 'yan kaɗan masu matsayi ɗaya, kada a haɗa yaro da ubangidansa, kuma a inda mata ba za su saki jiki gaban maza ba a ware musu nasu zaman. Waɗanda suka bar aiki su ma a neme su bayan wata biyu ko uku, lokacin da ba sa jiran komai daga gare ka. Dillalai da direbobin da ke kawo kaya sukan san gidanka fiye da yadda kake zato.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya rataya a wuyanka kai kaɗai. Ranar da mutum na farko ya yi ƙarfin hali ya faɗa maka abin da ba ka so, duk gidan na kallo. In fuskarka ta canza, in aka fara binciken "wa ya faɗa", to ka rufe wannan ƙofa da hannunka, kuma za ta daɗe a rufe.

Ƙorafi da rahoton kurakurai sun ƙaru tun da muka fara. Alamar lalacewa ce?

Ba lallai ba. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard ta yi bincike a asibitoci a shekarun 1990 kan kuskuren ba da magani. Ta yi zaton rukunin ma'aikatan da suka fi kyakkyawan shugabanci za su fi ƙarancin kuskure a rubuce. Sai ta tarar sun fi yawa. Da aka duba, ashe ba kuskuren suka fi yi ba, sun fi sakin jiki su faɗa ne. Inda ake tsoro, kuskure na nan amma littafi fari tas. Saboda haka reshen da bai taɓa kawo matsala ko ɗaya ba cikin shekara, shi zan fara ziyarta.

Akwai al'adar da ta fi kowacce kyau?

Babu. Kamfanin haɗa magunguna yana buƙatar bin doka ba sassauci, kamfanin rubuta manhaja yana buƙatar mutanen da ba sa tsoron gwaji ya faɗi. Ko a gida ɗaya, sashen kuɗi da sashen talla ba za su zama iri ɗaya ba, kuma bai kamata a tilasta musu ba. Abin da ban yarda a yi ciniki a kansa ba guda biyu ne: kada a cuci kwastoma, kuma kada a hukunta wanda ya faɗi gaskiya.

Waɗanne alƙaluma ne za su nuna min tun da wuri?

Yawan masu barin aiki, reshe-reshe, musamman waɗanda ba su cika shekara ba. Fashin zuwa aiki. Kayan da kwastomomi suka dawo da su. Tsawon lokacin da matsala ke ɗauka daga ranar da na ƙasa ya gan ta zuwa ranar da ta iso teburinka.

Mafi amfani kuwa shi ne ka haɗa kowane adadin da kake biya a kansa da wani da zai tona shi. In kana ƙirga asusun da aka buɗe, ka ƙirga nawa ne ake amfani da su bayan wata uku. In kana ƙirga kayan da aka sayar, ka ƙirga bashin da bai dawo ba. In kana ƙirga tafiyar da direba ya yi, ka duba kuɗin gyaran mota. Da zarar rayuwar mutum ta rataya kan lamba ɗaya, zai nemo hanyar cika ta, ta gaskiya ko akasinta. Ka kuma lura da wanda sakamakonsa ya yi kyau fiye da kima. Yawancinmu mukan binciki wanda ya gaza, mu tafa wa wanda ya zarce ba tambaya.

Idan na gano al'adar ta saɓa wa burin, korar mutane zan yi in ɗauko sababbi?

Kafin ka yi haka ka ji labarin wata masana'antar motoci a Fremont, jihar Kalifoniya. Ta kamfanin General Motors ce, kuma ta yi ƙaurin suna: fashin aiki, shaye-shaye a bakin aiki, yajin aiki, motoci masu aibi. Aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, haɗin gwiwa da Toyota, kuma yawancin waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne da ake cewa ba sa gyaruwa. An kai ɗaruruwansu Japan suka ga yadda ake aiki a masana'antar Toyota.

Babban abin da ya canza wata igiya ce da ke rataye a saman layin haɗa mota. A da, dokar gidan ita ce layi ba ya tsayawa ko me ya faru, sai a tura mota da aibinta a ce a gyara daga baya. Yanzu duk ma'aikacin da ya ga matsala zai ja igiyar, shugaban rukuninsa ya zo da gudu ya taimaka, in ba a warware ba layi ya tsaya. Ba a zage shi, ba a cire masa kuɗi. Cikin ɗan lokaci ingancin motocin Fremont ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors, fashin aiki ya faɗi ƙasa. Mutanen nan dai su ne, ginin shi ne.

Darasin da na ɗauka shi ne ba a fara gyaran al'ada da wa'azi. Ana canza abin da mutum ke yi kullum da abin da ke biyo baya idan ya yi, tunani sai ya biyo sawu. Wells Fargo ma abin da ya fara yi bayan abin ya fashe shi ne soke adadin sayarwa a rassansa a Oktoban 2016. Amma kada a ɗauka abu ne mai sauƙin kwafa. General Motors ta sha wahala wajen kai wannan tsari sauran masana'antunta, domin ana iya rataya igiya a ko'ina, amma in manaja har yanzu yawan motoci kawai ake tambayarsa, zai harari duk wanda ya miƙa hannu. Akwai lokacin da kora ke zama dole, kuma sau da yawa wanda ya kamata ya tafi shi ne babban da ke kawo kuɗi yana taka mutane, wanda kowa ke jira ya ga ko za a iya taɓa shi.

Ni kasuwancin iyali nake yi, mu goma sha biyu ne. Wannan ya shafe ni?

Ya shafe ka, kuma ya fi maka sauƙi, domin ba ka buƙatar takarda ko ƙwararre daga waje. Shago a Kantin Kwari ko sito a Dawanau yana da al'adarsa kamar kowane banki. Tambayoyinka su ne: in ɗanka da yaron shago suka yi laifi iri ɗaya, hukuncinsu ɗaya? Yaran sun san ranar da za a sallame su da abin da za a ba su, ko magana ce a iska? In kana son buɗe reshe a wani gari, akwai wanda ka taɓa bari ya yanke shawarar dubu hamsin ba tare da ya kira ka ba?

Wannan ta ƙarshen ita ce inda na fi ganin buri da al'ada suna karo a kasuwancinmu. Maigida na son faɗaɗa, amma shekara ashirin ya koya wa kowa cewa ba a motsi sai da izininsa. Makullin sito a aljihunsa, lissafi a kansa, dillalai shi kaɗai suka sani. Wannan riƙo shi ya tsare dukiyar tana ƙarama, ba abin zargi ba ne. Sai dai ba zai ɗauki rassa uku ba, kuma ranar da maigida ya kwanta ciwo kowa zai gane haka.

Aikin wa ne wannan aunawa? Sashen kula da ma'aikata?

Su taimaka da tattara bayani, amma nauyin na masu gida ne da kwamitin daraktoci, domin su ke yanka buri su ke tsara lada. A Birtaniya, kundin shugabancin kamfanoni na 2018 ya ɗora wa kwamitin daraktoci alhakin auna al'ada da sa ido a kanta. A Najeriya ma kundin shugabancin kamfanoni na 2018 ya yi magana kan ɗa'ar kasuwanci da samar da hanyar da mai fallasa ɓarna zai bi cikin kariya.

Sau nawa za a riƙa yi, kuma me za a yi da sakamakon?

Cikakken dubawa sau ɗaya a shekara ya isa, sai kuma duk lokacin da buri ya canza, ko aka sami sabon shugaba, ko za a haɗe da wani kamfani. Alƙaluman da na ambata kuwa a riƙa kallonsu duk wata.

Sakamakon a mayar wa waɗanda aka tambaya, da daɗinsa da ɗacinsa, cikin makonni kaɗan. In aka tambayi mutane aka yi shiru, badi ba za su ɓata bakinsu ba. Kada a fito da jerin gyare-gyare ashirin. A zaɓi abu ɗaya ko biyu da suka fi cin karo da burin, a fara da wanda ya shafi kuɗi ko hukunci, domin shi mutane ke gaskatawa.

A masana'antar ruwan nan, abin da muka yi ke nan. Aka daina cire wa mai inji kuɗin jakar da ta ragu idan ya tsaya gyara, aka koma ba kowane rukuni ƙarin lada bisa ƙarancin jakar da dillalai suka dawo da ita. Makon farko ba wanda ya tsayar da inji, duk da an sanar. Suna jira su gani. A mako na biyu wani dattijo a aikin dare ya tsayar na kusan rabin awa. Da safe mai gidan ya sauko ɗakin inji da kansa, ya tambayi wa ya tsayar, ɗakin ya yi tsit. Da dattijon ya ɗaga hannu, sai mai gidan ya miƙa masa hannu suka gaisa, ya tambaye shi me ya gani a bakin ledar, ya tsaya ya saurara har ya gama.